Martani: A Bar wa Motar Manomi Baƙar Robarta

Makonni kaɗan da suka wuce wani ɗan'uwa ya fitar da rubutu a kan gyaran ƙafar mota, yana kira ga direbobi da manoman wannan yanki namu na Funtuwa da Malumfashi da su rabu da bushin baƙar roba, su koma wa sabon nau'in nan mai launi, ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, wanda ake yi da sinadarin foliyuritan, masu sayarwa kuma suke gajarta sunansa su ce foli. In na fahimce shi daidai, hujjojinsa huɗu ne. Ya ce foli ya fi roba ƙarko nesa ba kusa ba, baƙin mai ba ya cin sa, yana sa sitiyari ya tsaya daram, kuma ƙasashen da suka ci gaba tuni suka koma gare shi. A kan haka ya yanke hukuncin cewa manomin da ke ci gaba da sayen baƙar roba kuɗinsa kawai yake zubarwa.

Na yarda da kyakkyawar niyya Malam mai wannan rubutu ya ɗauki alƙalami, domin ciwon da ya taɓo na gaske ne. Duk mai mota a nan ya san takaicin a sauya maka bushin da farkon damina, kafin a karya masara ƙafar ta sake fara ƙwanƙwasa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, abin da a da ake saye ba tare da tayi ba yanzu sai an yi shawara da aljihu. Wanda duk ya zo ya ce ga abin da za ka sa sau ɗaya ka huta, dole a ba shi kunne. Ni ma shekara uku da suka wuce na ba irin wannan magana kunne, na bi ta, na kuma ji a jikina. Noma nake yi a tsakanin Bakori da Ƙafur. Ina da Golf 3 wagon da ke kai mini kaya kasuwa, kafin ita kuma na daɗe da a-kori-kura ƙirar 504. Abin da zan faɗa a ƙarƙashin waɗannan motoci na gan shi, a kwance a kan kwali tare da bakanike.

A Hausa kalmar roba faɗi gare ta. Bokiti roba ne, taya roba ce, takalmin damina ma roba ne, shi ya sa wasu da suka ji rubutun Malam suka ɗauka roba ce mai kyau za a maye gurbin marar kyau da ita. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Abubuwan biyu ba hanya ɗaya suke aiki ba, kuma Malam bai ce uffan a kan wannan ba, alhali nan ne tushen maganar duka.

Bushin baƙar roba bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami a cikin babba, an zuba roba a tsakaninsu an gasa ta har ta manne da kowannensu. Babban bututun ana dasa shi a cikin lowa-am, ƙaramin kuma noti ne ke ɗaure shi da jikin mota. Idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, babu abin da ke zamewa a kan wani abu. Robar ce ke murɗewa ta dawo, kamar yadda robar ɗanko ke miƙewa ta koma. A wannan murɗewar take shanye wani kaso na bugun da hanya ta yi wa taya, ta hana shi isa ga ƙarfe. Tun da babu gogayya, ba ta neman giris, babu kuma wata kafa da ƙura za ta shiga. Ka sa ta ka manta da ita har ranar da ta tsufa.

Shi foli ba a manne shi da ƙarfe ba. Galibi yanki biyu yake zuwa, a cusa ɗaya ta nan ɗaya ta can, a zura bututun ƙarfe ta tsakiya. Wannan ne ya sa sa shi ke da sauƙi, ba sai an nemi injin matsi ba, kuma na yarda wannan riba ce. Amma idan ƙafar mota ta motsa, foli juyawa yake yi a kan bututun nan kamar ƙafar amalanke a kan ƙarfenta. Inda duk abu biyu suke goga juna dole a sa musu maiƙo. Shi ya sa kamfanonin da suke yin na kirki, irin su Powerflex na Ingila da SuperPro na Ostareliya da Energy Suspension na Amurka, suke haɗo shi da ɗan ƙunshin giris na musamman, suna kuma gargaɗin a shafa shi sosai. Ashe abin da aka ce mana ka sa ka huta, kulawa yake nema fiye da wanda muke da shi.

To, mu dubi hanyoyin da muke bi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, mai laushi kamar garin tuwo, wadda ko akwatin da aka kulle sai ta shiga. Bazara ta kawo zafi da jar ƙurar burji. Damina ta sauka, hanyar gona ta zama taɓo, a wasu wurare sai an ratsa rafi ruwa har ƙofar mota. In an fito a kai ta wurin wanki, yara su sa mata bakin tiyo a ƙarƙashi, ɗan giris ɗin da ya rage ya bi ruwa. Kwaltarmu ta Funtuwa zuwa Yashe da ta Funtuwa zuwa Zariya tana nan, amma motar manomi ba a kan kwalta take cin abincinta ba. Sai ta sauka ta shiga ƙauye ta ɗauko masara da dawa da waken suya da auduga, sannan ta hau titi.

Lokacin da na sa foli a Golf ɗina, gaba da baya, sai da aka yi mini odarsa daga Legas. Makonni biyun farko na yi murna ƙwarai. A kan kwalta tsakanin Bakori da Malumfashi sitiyari ya tsaya cak, inda na nufa nan take zuwa, ba lilo ba karkata. A nan Malam bai yi ƙarya ba, kuma ina zaton a nan gwajinsa ya tsaya. Ranar da na sauka kan burji da buhuna a baya na fara gane na sayi wata motar daban. Kowace gargada sai na ji ta a tafin hannuna da ƙashin bayana. Gaban mota ya fara kaɗawa, murfin ƙaramar akwatin gaba yana buɗe kansa, ƙananan notuna suna kwancewa ina bi ina ɗaurewa. Da hunturu ya shigo sai kuka ya fara, ƙiiƙ-ƙiiƙ kamar tsohon gadon ƙarfe, tun daga nesa yaran gida suke sanin na dawo. Na kai aka kwance aka sake shafa giris, na biya kuɗin aiki, ya yi shiru na ɗan lokaci ya dawo. Kafin damina ta biyu ta kankama, ƙwanƙwasar da na gudu ta same ni.

Dattijon da ke mini gyara ya cire lowa-am ɗin, ya zare bututun tsakiya ya ɗaga shi sama. Folin kansa yana nan da launinsa, bai tsage ba, in ka gan shi daga waje ka ce sabo ne. Amma bututun ƙarfen ya yi ƙugu kamar turmi, ramin folin kuma ya buɗe har bututun yana wasa a ciki. Ya lakato abin da ke jikinsa, wani kwaɓi ja-ja mai kauri, ya ce, "Alhaji, miƙo yatsanka." Na murza shi tsakanin yatsuna na ji tsakuwa-tsakuwa. Ya ce, "Ka ji ko? Wannan ya tashi daga giris ya koma magagari. Kullum kana tafiya yana gogar ƙarfe." Na ce, "Baba, to ai an ce ba ya lalacewa." Bai amsa ba, sai ya ja ni ƙarƙashin motar, ya goge wani wuri da tsumma ya haska mini da fitilar wayarsa. Kusa da kunnen ƙarfen da ke riƙe lowa-am ga wata 'yar tsaga siririya kamar gashi. Daga garejinsa wurin mai walda na wuce.

Wannan tsagar ita ce amsata ga babbar hujjar Malam ta ƙarko. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, in bushin bai sha bugun ba, wa zai sha? Ramin da ke hanya ba ya raguwa don ka sauya bushin. Akwai ma'aunin tauri da ake kira Shore, wanda ake gwada roba da danginta da shi. Bushin da kamfani ke sawa a mota galibi yana tsakanin 50 da 70 a wannan ma'auni. Folin da ake sayarwa don ƙafar mota yawanci daga 80 yake farawa, na tsere kuma yana kai 95. Abin da aka ƙara na tauri, an rage shi ne daga ikon shanye bugu. Bugun sai ya wuce zuwa bol-joyin, zuwa tayarod, zuwa shokazoba, zuwa waldar da ta haɗa bodi. Motocinmu kuwa ba 'yan yau ba ne. Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, aka daina kafin shekarar 2000. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25, ta gama aikinta a Turai, ta sha gishirin da suke zuba wa hanya lokacin ƙanƙara, sannan ta iso mana ta fara sabuwar rayuwa da buhunan masara. Ƙarfen da ya gaji haka ba a ƙara masa duka. A cikin duk kayan ƙafar mota bushin ne mafi araha, kuma da gangan aka yi shi ya riƙa mutuwa a madadin masu tsada. Wanda ya sa bushin da ba ya mutuwa, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Wani abu kuma da duk bakaniken Golf ya sani: bushin na baya a lowa-am ɗin gaba ba cikakkiyar roba ba ce, akwai ramuka a jikinsa, kuma akwai fuskar da ake juya shi kafin a dasa. Waɗanda suka zana motar sun so ya yi laushi ta wata fuska ya yi tauri ta wata, don taya ta ɗan ja da baya in ta daki bakin rami, ba tare da ta kauce daga saitinta ba. Dunƙulen foli tauri ɗaya yake da shi ta kowace fuska. Ba ya son a tanƙwara shi, juyawa kawai ya iya. In aka sa shi inda aka zana don tanƙwarawa, ƙafar ce ke ƙagewa.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga bushin mai tauri. Mun daɗe da gwada shi da wani suna. Kowa ya san bushin yankan taya, wanda ake fere shi daga tsohuwar tayar babbar mota a buga shi da guduma. Shi ma mai tauri ne, shi ma ba a manne yake da ƙarfe ba, shi ma masu yin sa da ƙarko suke tallarsa. Yana fitar da mutum kunya in mota ta tsaya masa a ƙauye ranar kasuwa, ban raina shi ba. Amma a tambayi direban da ya shekara da shi yadda motarsa ta koma, da yawan zuwan da ya yi wurin mai walda. Foli ya fi yankan taya tsabtar aiki da daidaiton awo, wannan babu musu, sai dai ta fuskar abin da suke yi wa tsohuwar mota a kan gargada 'yan gida ɗaya ne.

Kuma mota a ƙauye ba buhu kaɗai take ɗauka ba. Kwandunan tumatir na Ɗanja a cikinta suke fitowa, kuma mai tumatir ya san abin da girgiza ke yi wa na ƙasan kwando kafin a isa kasuwa. Kiret ɗin ƙwai a cikinta. Ita ce kuma motar da ake buga wa mai ita ƙofa da tsakar dare a ce mace na naƙuda, ko tsoho ya faɗi, a kai shi asibiti Funtuwa ko Malumfashi. Na taɓa ɗauko wata dattijuwa mai karaya a ƙugu lokacin da folin nan ke jikin motata. Tafiyar hawainiya na yi, amma duk da haka kowane ɗan tudu sai ta yi salati, 'yarta na riƙe da ita tana cewa, "Sannu Inna, an kusa." Laushin da Malam ya kira rauni a jikin baƙar roba, a wannan dare na san amfaninsa.

Batun cewa ƙasashen da suka ci gaba sun koma foli kuwa, ba haka abin yake ba. Sinadarin ba sabo ba ne. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka samar da shi a Jamus a 1937, kuma yau yana cikin kowane gida, domin katifar soso da shi ake yin ta, haka tafin takalma da yawa. Kamfanonin mota sun san shi sarai, suna zuba shi a kujeru da sitiyari da wasu sassa. Duk da haka Toyota da Volkswagen da Peugeot har yau baƙar roba suke dasawa a lowa-am ɗin sababbin motocinsu. Hilux da Land Cruiser, waɗanda aka yi domin daji da sahara, da roba suke fitowa daga masana'anta. Ita ma 504 da kamfanin PAN ya daɗe yana harhaɗawa a Kaduna, bayan buɗe masana'antarsa a 1975, wadda iyayenmu suka yi jigilar auduga da ita, laushin tafiyarta a kan mugunyar hanya ne ya sa ta yi suna a Afirka, kuma da baƙar roba ta yi wannan suna. A can Turai da Amurka masu sayen foli galibi masu tseren mota ne da masu sha'awar mota mai tsauri a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. A Ostareliya, gaskiya ne, masu motocin daji da dama suna sa shi, kuma su ma suna da ƙura. Amma mai sa shi a can mutum ne mai garejin kansa, mai giris ɗin da ya dace a ajiye, mai motar da ba ta kai rabin shekarun tamu ba, wanda in abin ya lalace kamfani zai musanya masa.

Saura tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ita ta tura Malam neman mafita: me ya sa baƙar robarmu ke saurin mutuwa? Ruwa ba ya tsami banza. Bushin da ya zo da motar daga kamfani yakan yi shekaru masu yawa, wanda muka saya mu sa kuma wata shida ya gagare shi. Robar ba ta sauya hali ba, abin da ake sayar mana ne ya sauya. Kasuwa ta cika da jabu, a cikin kwali mai sunan babban kamfani. Ka danna shi da farce ka ji shi kamar busasshen ƙanzo, ko ka ga baƙi ya shafe maka hannu, ko ka duba bakin bututun ka ga robar tun a shago ta fara rabuwa da ƙarfe. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da shagunanmu na nan, mai kaya yakan fito maka da iri biyu ko uku na abu ɗaya, kowanne da kuɗinsa. Mu kuma mukan ce a ba mu na ƙasa, ko mu aiki yaron gareji da kuɗin mai kyau ya sayo na ƙasa. Araha ba ta ado.

Sai yadda ake ɗaure shi, kuma wannan ya fi ba ni takaici domin ko sisi ba ya ci. Tun da robar manne take da bututun tsakiya, inda aka ɗaure noti nan ne mazauninta na hutu. In mota tana kan jak, ƙafa na reto a ƙasa, aka ɗaure noti tamau, da zarar an sauke ta nauyinta ya danna ƙafar sama, robar ta murɗe tun motar tana tsaye. A haka za ta kwana, a haka za ta wuni, in aka loda kaya ta ƙara murɗewa, in aka faɗa rami ta wuce iyakarta ta yage. Ƙa'idar ita ce a sa notin a bar shi sako-sako, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta a kan ramin gareji, a ɗan girgiza ta, sannan a shiga ƙarƙashi a ɗaure. Ranar da muka mayar da baƙar roba a motata na ga dattijon nan ya dakatar da yaronsa yana shirin ɗaurewa a sama. Yaron ya ce, "Oga, ai ya fi sauƙi a nan." Ya ce masa, "Sauƙinka ne, ba na motar ba. Sauke ta." Wannan bushin ɗin har yau shi ne a jikinta. Na tabbata rabin kukan da muke yi da baƙar roba a kan jak aka haife shi.

Baƙin mai kuma, Malam ya yi gaskiya, yana kumbura roba ya mayar da ita kamar danƙo, foli kuwa ya fi jure masa. Amma man nan daga ina yake zubowa? Daga injin da ke yoyo, ko daga sitiyari, ko daga hannun wanda ke shafa wa ƙarƙashin mota tsohon baƙin mai wai don maganin tsatsa da ƙara. Injin da ke zubar da mai kuɗi yake zubarwa kullum, kuma gyaransa ya wajaba ko da wane irin bushin ne a ƙasa. A toshe yoyon, a daina shafe-shafen, robar ta huta.

Sai lodi, wanda dukkanmu muke da hannu a ciki. Abin da aka ƙayyade wa mota irin Golf 3 wagon wajen kilo 500 ne har da direba. Buhun masara kilo 100 ne. Kowa ya tsaya a bakin kasuwar Ɗandume ko ta Bakori da kaka zai ƙirga buhunan da ke fitowa daga mota ɗaya, ya ga bayanta na shafar ƙasa. Na san dalili, kuɗin mai ba ya barin mutum ya yi sawu biyu. Amma babu sinadarin da zai ɗauke wannan nauyi. In roba ce ta yage, in foli ne ya miƙa wa ƙarfe, ƙarfen ya tsage. Yagewar roba a gareji take ƙarewa, tsagewar ƙarfe da kaya a kan titi tana iya ƙarewa da rai.

Kada kuma a ɗauka jabu zai tsaya a kan baƙar roba. Ranar da direbobi suka raja'a a kan foli, ranar kasuwa za ta cika da jan abu da shuɗin abu marar suna marar lamba. Launi ba ya nuna inganci, rini ne kawai. Akwai nau'in foliyuritan da zafi da danshi ke rugurguza shi. Wanda ya taɓa ajiye takalmi sau-ciki a ƙarƙashin gado ya ɗauko ranar Salla ya ga tafin ya marmashe, ya ga aikin wannan nau'in. Baƙar roba mun shekara da shekaru muna taɓa ta, bakanikenmu na iya gane ta kirki da hannu. Foli kuwa ba mu da wannan sanin tukuna, duk abin da aka miƙo mana shi za mu karɓa. Na kirkin da kuɗin waje ake sayo shi, kuɗinsa ya ninka na roba mai kyau, kuma in guda ya lalace ba za ka same shi a shagon bakin tasha ba, sai ka jira saƙo. A halin tsaron da ake ciki ta wajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, ba mai son motarsa ta tsaya a hanya da yamma, ba kuma mai son ya ajiye ta mako guda a tsakiyar kaka yana jiran kaya daga Legas.

Ban ce foli ba shi da wuri ko kaɗan ba. Robar da ke riƙe sandar sitabilaiza dama juyawa sandar take yi a cikinta, ba a manne take ba, ba ta ɗauke da nauyin mota, kuma cire ta a sake shafa mata giris aikin 'yan mintoci ne. A nan foli na kirki yana da kyau, kuma shi kaɗai na bari a motata. Wanda motarsa ba ta sauka daga kwalta, ma'aikaci mai zirga-zirga tsakanin Funtuwa da Zariya ko Katsina, in yana son sitiyari mai tsauri kuma ya yarda da girgiza da kuɗin kulawa, zaɓinsa ne. Da a kan waɗannan Malam ya tsaya da ban ce komai ba. Amma manoma da direbobin ƙauye ya kira da suna, su kuwa shawarar ba ta dace da su ba.

Ina roƙon Malam, tun da yana da alƙalami kuma ana jin maganarsa, ya juya shi inda zai yi mana amfani. Ya taya mu kira ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta shiga kasuwannin kayan mota da gaske, domin jabun bushin da jabun bol-joyin rayuka suke ci. Ya taya mu roƙon shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a Funtuwa da Malumfashi su sa wa yaransu doka cewa ba a ɗaure notin bushin mota tana sama. Shugabannin NURTW a tashoshinmu su ma su sa baki a kan lodi. Kai kuma ɗan'uwa manomi, in ƙafar motarka ta fara ƙwanƙwasa kafin kaka, je shago da ƙafarka, ka sayi baƙar roba mafi kyau da aljihunka zai iya, ka gyara yoyon mai, ka tsaya a kan bakanike har sai ya sauke motar ƙasa kafin ya ɗaure noti.